Almu Yana Neman a Kwaikwaye Shi

A Matameye, in kana son sanin ko kai wani ne, kada ka tambayi maroƙi, don maroƙi ko jakinka ka naɗa wa rawani sai ya samo masa kakanni. Ka jira kaka. In an gama yankan gero an kai dammuna rumbu, sai 'yan wasan kara su fito fili da rana tsaka. Da karan gero suke yin komai: doki na kara, bindiga ta kara, takobi, laima, har da tabarau. Su yi shigar manyan gari ɗaya bayan ɗaya, su kwaikwayi tafiyarsu da tarinsu da irin ƙaryar da kowanne ya saba shararawa. Alƙali yana zaune za a fito da alƙalin kara yana gyangyaɗi a kan shari'a, ba kuwa abin da zai yi sai murmushin dole, don ranar ba a fushi. Amma abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, wanda aka yi wa tsiya a fili ba shi ne abin tausayi ba. Abin tausayi shi ne mai rawanin da aka gama wasa kaf ba a tuna da shi ba.

To, ciwon Almu ke nan.

Almu mai igiya ne, kuma da an bar shi da igiyarsa da ya tsufa lafiya lau. Yadda ya zama Sarkin Kasuwa abin kunya ne ga garin nan, amma zan faɗa. Lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba, kumandan yana yawan fitowa rangadi, kuma duk garin da ya sauka, Sarkin Kasuwa ne mai tara masa ƙwai da kaji da harawar doki. Mai sarautar a sannan Shekara ne, wani ƙato mai tumbi, wanda ba ya wuce faifan kowa bai tsoma hannu ba. Shekara ya cinye kajin kirki, ya aika wa kumandan ƙwan da kaza ta gaji da kwanci a kai ta tashi. Kumandan ya fasa ɗaya da safe, abin da ya leƙo shi daga ciki ya sa ya hau doki ya shigo kasuwa da sojojinsa, fuska ja wur.

Kasuwa ta watse. Mahauta suka bar nama, masu gishiri suka bar raƙuma, shi kansa Shekara da tumbinsa ya tsallake dangar da ko akuya sai ta yi shawara. Mutum ɗaya ne bai gudu ba, Almu. Kowa ya san yadda ake tufka: ka zauna ka miƙe ƙafa, ka maƙala igiya a babban yatsa kana murzawa. Almu ya tufka mai tsawo, ya naɗe abin da ya gama a turken rumfa, saboda haka da ya zabura zai gudu sai igiya ta mai da shi zaune daɓas. Yana cikin kiciniyar kwancewa, dokin kumandan ya tsaya a kansa. Kumandan ya dubi kasuwa fayau, ya dubi mutum ɗaya tak zaune a wurinsa, ya ce ta bakin tafintansa Isufu, yawwa, ga namiji. Kafin la'asar an naɗa wa Almu rawani, shatin igiya bai ma baje daga yatsansa ba.

Kada ku ce bai so ba. Ya so, har cikin ransa. Mutumin da ya fara furfura ba wanda ya taɓa riga shi gaisuwa, yau ga shi ana ce masa, "Sarki, an fito?" In ya koma gida sai ya cire rawanin ya ɗora a kan gado, shi ya zauna a ƙasa yana kallonsa. Sai dai sarautar tasa ba ta da haƙora. In ya zo karɓar ƙwan kumandan, da ba da haƙuri yake farawa. In masu awo suka yi faɗa a kan wuri, sai ya tsaya a tsakiya yana cewa kowa yana da gaskiya, har su gaji su haɗu su zage shi. Yayarsa A'ishatu, mai sayar da daddawar batso a layin mata, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, takan ƙwala masa kira daga nesa, "Almu! Zo ka ɗora mini ƙwaryar nan," ya zo da rawaninsa ya ɗora mata.

Kakar farko bayan naɗinsa, Almu ya sa aka wanke masa riga aka buga, ya zo fili tun ana shara ya zauna a sahun gaba. Har fuskar da zai yi in an fito da shi ya shirya tun daga gida: ɗan ɓata rai, ɗan girgiza kai, irin na manya. Aka fito da alƙali, aka fito da Sarkin Fawa, aka fito da kumandan da hular ƙwarya da fuska shafe da toka. Sai mai shela ya ce, "Ga Sarkin Kasuwa!" Almu ya gyara zama. Sai ga Ɗan'azumi, shugaban 'yan wasa, ya cusa tsummoki a riga ya yi tumbi, yana tafe yana tsoma hannu a faifan kowa yana lasa. Fili ya ɗauki ihu, "Shekara! Shekara!" Shi kuwa Shekara na gaskiya yana tsaye can baya, kai ba rawani, yana cewa yaran nan ba su da kunya, bakinsa har kunne. Almu ya zauna da fuskar da ya shirya, ba inda zai kai ta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kuma yi dariya tare da mutane don kada a gane.

Da wata daminar ta wuce, gero ya fara sunkuyar da kai, Isufu tafinta ya biyo ta Matameye. Isufu mutum ne mai wando irin na Nasara da takalmin da ya matse shi, ba ya zama a tabarma sai a kan turmi. Ya ja Almu gefe.

"Sarkin Kasuwa, bana kumandan zai kalli wasan kara da idonsa. Ya tambaye ni mene ne shi, na ce masa nan ne talakawa suke nuna waɗanda suke tsoro. Ya ce madalla, dama ya gaji da tambayar masu rawani wa ke riƙe da gari, kowa ya ce shi ne. Zai zo ya gani da kansa."

"To, Allah ya kawo shi lafiya," in ji Almu.

"Wai kai ba ka ji abin da na ce ba ne? In aka ce ga Sarkin Kasuwa, aka turo tumbin Shekara, gari ya ɗauki sunansa, me kake so in gaya wa Nasara? Cewa zai yi ashe a kan turke ya naɗa rawani. A filin nan zai sa a kwance shi a mayar wa mai shi. Shekara kuwa kajinsa kullum suna hanyar gidana, ni kuma mai iyali ne. Na dai gaya maka ne don kana da kirki."

Almu ya dafe rawanin da hannu biyu, kamar a lokacin za a zo ɗauka. Washegari ya ƙulla goro a ganye, ya ɗauki sabuwar hula, ya nufi rumfar Ɗan'azumi.

Shi Ɗan'azumi gyartai ne, sana'arsa ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, kuma shi kaɗai ne a garin. Siriri ne mai ƙananan idanu, kallo ɗaya zai yi maka ya kwashe tafiyarka ya ajiye sai kaka.

"Ranka ya daɗe, wace ƙwarya ce ta fashe?"

"Ba ƙwarya ba ce. Ɗan'azumi, me na yi maka?"

"Ni? Wallahi ba ka yi mini komai ba."

"To don me ba ka sa ni a wasa?"

"Ai amsar ke nan, Sarki. Ba ka yi mini komai ba, ba ka yi wa kowa komai ba."

Ɗan'azumi ya karɓi goron ya ɓantara, ya gwada hular ta yi masa daidai, sannan ya ci gaba. "In na fito da kamarka, me zan yi? In tsaya tsakiyar fili in ce kowa yana da gaskiya? Da ɓawon gyaɗa za a jefe ni, ana tambaya wane ne wannan. Shekara kuwa, ko daga bayan danga na turo tumbi an gane. Kai mutum ne sumul, Sarki, ba ka da mariƙi. Ka samo mini abin kamawa, ni kuma in kama."

Haka Sarkin Kasuwar Matameye, babban mutum da gemunsa, ya shiga neman aibi kamar mai neman ɓataccen ɗan tunkiya. Ya fara da ɗingishi. Ya shigo kasuwa yana jan ƙafar hagu yana satar kallon mutane ko an fara dariya. Ina! Sai "Sannu, Sarki, ƙaya ce?" ta ko'ina. A'ishatu ta zaunar da shi a gaban kowa, ta kama ƙafar ta ɗora a cinya, ta tona tafin da tsinke ba ta ga komai ba, ta shafe shi da man shanu ta ce ya daina yawo ba takalmin kirki.

Ya bar ɗingishi ya koma tari. Kafin ya ce uffan sai ya yi wani dogon gyaran murya, ya buga ƙirji, ya tofar gefe. Nan ma tausayi ya samu. Wannan ta kawo citta, wancan ya kawo jiƙo, A'ishatu ta kira wanzami ya yi masa ƙaho a baya, saura kaɗan a cire masa belu duk da furfurarsa. Da ya ga haka sai ya sayi dorina, irin bulalar da sojoji suke riƙewa, yana yawo da ita a hannu. Ranar farko ya kori ƙudaje da ita daga kan naman Sarkin Fawa. Rana ta biyu wata mata ta ce ya ara mata ta kora jakinta da ya ƙi tashi, ya kuwa ara mata, har da ce mata kada ta yi masa da ƙarfi.

An fara yankan gero ya koma wurin Ɗan'azumi, baya duk shatin ƙaho.

"Sarki, ka daina wahalar da jikinka," in ji gyartai, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "Ɗingishi ai gurgu ma yana yi, wa ka taɓa gani an kwaikwayi gurgu a fili? Kana tsammani tumbin Shekara ake wa dariya? Faifan da ya kwashe ake wa. Duk wanda ka ji yana ƙyalƙyatawa a filin nan, an taɓa sa shi kuka ne. Alƙali ya ba wani gonar wani, kumandan ya kwashi 'ya'yan mutane ɗaukar kaya. Kai wa ka sa kuka?"

Almu ya yi tunani, tsakaninsa da Allah, ya ce, "Ba kowa."

"To ka gani. Kasuwa ɗaya ta rage kafin wasa. Ka yi abin da gari zai wuni yana zance. In ba haka ba, ni tsummokina suna nan a ajiye, ba su yi komai ba."

Ranar kasuwa Almu ya fito da dorinarsa da niyyar zalunci, bismillah. Ya fara da mahauta. Ya tsaya ya ɗaure fuska, Sarkin Fawa ya ɗago yana wasa wuƙa ya ce, "Sarki, a yanko maka ne?" Almu ya ce a'a, gaisuwa ce kawai. Ya wuce wurin masu gishiri, ya ga Buzaye kowa da takobinsa a rataye, ya tuna ba su san wasa ba. Ya nufi wata mai nono, sai ya hango mijinta a gindin bishiya da sanda a kafaɗa. Ɗan koli surukin Isufu tafinta ne, wa ya isa. Tsohuwa mai tukwane kuwa an ce baki gare ta, wanda ta zaga ba ya ganin wata kakar. Ya zaga, ya sake zagawa, har rana ta karkata, duk wanda ya duba sai ya ga akwai wani a bayansa. Kai, kasuwar Matameye kaf ba wanda mutum zai zalunta hankalinsa kwance! Ga Shekara zaune a inuwa yana shafa kansa, duk zagayen da Almu ya yi sai ya ce, "Sarki, ana ta aiki? Allah ya taimaka."

Ƙafa ta gaji, maƙogwaro ya bushe, masu nisa sun fara ɗaure kaya. Sai ya ji muryar da ya fi sani a duniya.

"Almu! Kai Almu! Tun safe kake yawo a rana, me ka yar? Zo nan ka sha ruwa, dubi yadda leɓenka ya bushe."

A'ishatu ce, ta miƙe da moɗa a hannu, ƙwaryar daddawarta a gabanta. Almu ya tsaya ya dube ta, sai lissafin da ya wuni yana yi ya yi kansa. Mijinta ya rasu. 'Yarta ɗaya, tana aure a Kurni. Ba ta da wuƙa, ba ta da takobi, ba ta iya zagi ba. Mutum ɗaya ne a bayanta a garin nan, shi ne kuma yake riƙe da dorina.

Ya matso. Ya ce, "Wa ya ba ki wurin nan?"

"Wane wuri kuma?"

"Kin tare hanya."

A'ishatu ta yi dariya ta dubi maƙwabtanta. "Ku ji mini yaron nan! Ni da nake zaune a nan tun kana bayana kana jiƙa mini zane? Karɓi ka sha, rana ce ta buge ka."

Matan layi suka kwashe da dariya. Almu ya rufe ido, ya ɗaga ƙafa, ya shuri ƙwaryar da duk ƙarfinsa. Ta tashi sama ta daki turken rumfa ta tsage, daddawa ta watse cikin rairayi. Ya buɗe baki ya yi tsawar da bai san yana da ita ba, "Sarki ake ce mini!"

Ni dai duk sanda na iso nan a labarin nan sai raina ya ɓaci, don A'ishatu ba ta yi ihu ba, ba ta tara masa jama'a ba. Ta tsaya da moɗar ruwan da ta ɗebo masa. Ta sunkuya ta ajiye ta a hankali don kada ta zube, ta durƙusa tana tsintar daddawa tana hure rairayi, hawaye na sauka a kan hannunta. Da ta iso gabansa ba ta ɗago ba, ta ce, "Matsa, ka taka ɗaya." Ya ɗaga ƙafa, ta ɓamɓare ta daga takalminsa.

Daga nan fa abin mamaki ya fara, in ma abin mamaki ne ga wanda ya san mutanenmu. Almu ya juya zai tafi, sai hanya ta buɗe masa. Masu awo suna cikin faɗa suka yi shiru, kowa ya ja buhunsa. Kafin ya isa gida Sarkin Fawa ya aiko da cinya. Ƙwan kumandan da a da sai ya yi ta roƙo, ya tarar an tara a zaure, sababbi, ba wanda ya tambaya. Zance ɗaya ake yi a kowace rumfa: wanda ya yi wa wadda ta goya shi haka, kai me zai yi maka? Shekara ya daina aika kaji gidan tafinta.

Almu kuwa cinyar nan ba ta wuce masa ba. Kunya ta kama shi, tausayin yayarsa ya hana shi sakat, warin daddawa kuma ya ƙi barin takalminsa duk wankin da aka yi. Da safe ya tafi ƙofar gidanta zai ba ta haƙuri. Har ya ɗaga murya zai yi sallama, sai ya tuna maƙwabta. In ya durƙusa mata yau, kafin azahar gari ya ji, hanya ta sake rufewa, Ɗan'azumi ya ɗauko tsummokinsa. Ya ce a ransa, Yaya ai mai haƙuri ce, bari a gama wasa tukuna. Ya juya ya koma gida.

Ita kuwa ta ɗauki ƙwaryarta, wadda ta gada wurin uwarsu, ta kai wa gyartai, tunda ba wani. Ɗan'azumi ya juya ta, ya duba tsagar, idonsa ya yi ƙyalli. Ya ce, "Inna, za ta ɗinku. Ki zo fili ranar wasa, in an tashi ki karɓi abarki."

Ranar wasa ta zo, kumandan ya zo. Aka kafa masa kujerar naɗewa a inuwa, Isufu ya tsaya a gefensa, masu rawani suka jeru a tabarma. Aka fito da alƙali aka yi dariya. Aka fito da kumandan kara da hular ƙwarya, yana tafiya kamar mai ƙurji a cinya, yana ihu da wani yare da shi ma bai sani ba. Fili ya yi shiru ana satar kallon na gaskiyar. Isufu ya sunkuya ya ce masa wannan wanda ya riga shi zama ne a Damagaram. Kumandan ya ƙyalƙyale har da buga cinya, ya ce lallai haka mutumin yake, ba su rage komai ba.

Sai mai shela ya ce, "Ga Sarkin Kasuwa!"

Almu ya dafe rawaninsa. Ya ƙura wa dangar da 'yan wasa suke fitowa ido yana jiran ya ga ko tumbi ne zai fara leƙowa. Sai ga Ɗan'azumi siriri yadda Allah ya yi shi, ya naɗa igiya a ka a madadin rawani, da dorinar kara a hannu. Ashe ɗan banzan nan bai yar da komai ba. Ya yi ɗingishin, ya yi tarin, ya je gaban mahaucin kara ya ɗaure fuska, aka nuna masa wuƙa ya ce gaisuwa ce. Ya je wurin Buzun kara ya dawo da baya da baya. Sannan ga wani gabjejen ƙato ya ɗaura zane ya yi ɗankwali, zaune da ƙwarya mai sabon ɗinki a gabansa, ya matse murya ya ce, "Almu, zo ka sha ruwa."

Ɗan'azumi ya dubi gabas ya dubi yamma, ya leƙa bayan ƙaton ya tabbatar ba kowa, ya rufe ido ya kai shuri. Ƙwaryar A'ishatu ta tashi ta faɗo ta yi ratsa-ratsa, wannan karon ba gyartan da zai iya da ita. Ya kama ƙafa yana tsalle yana sunsunawa yana toshe hanci. Ƙaton ya rarrafo ya ce da 'yar siririyar murya, "Matsa, ka taka ɗaya."

Wallahi ba a taɓa dariya irin ta ranar ba a filin nan. Matan da suka yi ƙwalla a kasuwa su ne suka fi kowa, suna riƙe ciki suna faɗawa jikin juna. Gari ya ɗauka baki ɗaya, "Almu! Almu!" Shi kuwa ya ɗauko fuskar manya ya sa, ya ɓata rai, ya girgiza kai. Daɗi ya ratsa shi tun daga rawani har tafin ƙafa, ba zan ɓoye muku ba. Yana cikin girgiza kan ne ya hango A'ishatu tsaye a ƙarshen layin mata, ta zo karɓar ƙwaryarta kamar yadda aka ce mata. Ta dubi gutsattsarin da ke ƙasa, ta gyara mayafi ta fita.

Kumandan ya share hawaye ya tambayi ma'anar abin. Isufu ya ce ai Sarkin Kasuwa ne da ko yayarsa bai ƙyale ba a kan gyaran hanya. Kumandan ya miƙe da kansa ya ba Almu hannu a gaban jama'a, ya ce irin mutumin da yake nema ke nan tun zuwansa ƙasar, kuma idonsa bai yi masa ƙarya ba ranar da ya zaɓe shi. Ya ƙara da cewa baɗi zai kawo babbansa daga Damagaram ya gani, amma a yi sabo, shi ba ya kallon abu sau biyu. Wanda ya fara zuwa yi wa Almu barka Shekara ne. Ya rungume shi da tumbi ya ce dama shi tuni ya san akwai sarauta a jinin gidan nan. Aka yanka rago, masu rawani suka ci suka yi wa juna addu'a.

Washegari da hantsi Almu ya sayi sabuwar ƙwarya, babba mai zane, ya tafi gidan yayarsa ya yi sallama da ƙarfi, yanzu kam kowa ma ya ji. Ba amsa. Maƙwabciyarta Uwa ta leƙo, ta gan shi, ta zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ai ta bi masu jakai tun da safe, ta koma Kurni wurin 'yarta. Ta kwashe har turmi."

"Ba ta bar mini saƙo ba?"

"Ta ce wurin zamanta na kasuwa, Sarki ya ba wanda ya ga dama."

Ya daɗe tsaye da ƙwarya a hannu. Ya rasa inda zai nufa da ita, ƙafa ta kai shi rumfar Ɗan'azumi, ya zauna a kan kututture. Mutane suna wucewa suna rusunawa.

"Sarki, barka da arziki," in ji gyartai. "Ka dai ji abin da Nasara ya ce. Baɗi sabo yake so, ga babbansa zai zo. Ni kuwa ba na ƙirƙira, abin da aka kawo mini nake ɗinkawa. In ba a kawo ba, kai ka san tsummokin tumbin Shekara suna cikin buhun can. Yaya kuma ɗaya Allah ya ba ka, an gama da ita."

Almu ya yi ta juya ƙwaryar a cinyarsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na so a ce zan gaya muku ya kwance rawanin nan ya jefa wa gyartai a fuska, ya kama hanyar Kurni da ƙafa. Hannunsa ma ya kai kan rawanin. Gyara masa zama ya yi.

"Akwai wani kawuna," in ji shi a hankali. "Tsoho ne, yakan kawo albasa daga Yauri."

Ɗan'azumi ya ajiye ɗinkinsa. "Yana da 'ya'ya maza?"

"Babu," in ji Almu.